"Shinuwa Ba Su Zaɓe": Amsata Ga Abokina Na Fada



Iyayenmu da suka daure suka zauna da mu cikin wannan zafi, yayyena da ƙannena, ƴan'uwa mata da kuka ajiye aikinku kuka taho, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso daga Ƙonni, da Malbaza, da Galmi, da Illela, Allah ya maida kowa gida lafiya.

Bari in fara da abin da ya jawo wannan magana. Kwanan baya muna zaune fada, nan bakin mararraba, shayi na biyu yana kan wuta, sai wani abokina ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na ƙasar Sin: jirgin ƙasa yana gudu kamar harsashi, gadoji bisa gadoji, benaye sun tokare sama. Ya bari na kalla har ƙarshe, sannan ya ce: "To malam ɗan boko, ka gani? Shinuwa ba su zaɓe. Ba su da jam'iyya ɗari. Mutum guda ke magana, kowa ya bi. Mu nan shekara talatin muna dangwala yatsa, mi muka samu? Ƙasar nan sai da bulala."

Fada ta ɗauki shewa. Ni kuwa ban ba shi amsa ba ranar, don maganar tashi ba ta wasa ba ce. Na ji ta a Yamai, na ji ta a Maraɗi, kuma kullum ina ganinta a Facebook da TikTok. Wanda ke faɗinta ba wawa ba ne. Mutum ne da ya gaji. Ya yi karatu bai samu aiki ba, ko ya yi zaɓe sau uku bai ga canji ba. Saboda haka yau na zo in ba shi amsa a gabanku, kuma yana nan zaune, ya san kanshi.

Da farko, abin da ya faɗa akwai gaskiya ciki, kuma ba zan ɓoye ta ba. A 1978, cikin Sinawa 100, waɗanda ke zaune birni ba su wuce 18 ba. A ƙidayar 2020 sun kai wajen 64. Bankin Duniya ya ce mutum kusan miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a ƙasar cikin shekara 40. Birnin Shenjen, wanda aka ware don kasuwanci da masana'antu a 1980, yau yana da mutum fiye da miliyan 17. Mu ma nan ba labari ake ba mu ba. Matatar mai ta SORAZ a Damagaram, da aka buɗe a 2011, da kamfanin Sin aka yi ta. Bututun mai da ya tashi daga Agadem zuwa bakin teku a Benin, kusan kilomita 2,000, su ne. Gada ta biyu a Yamai, su ne. Babur ɗin da ɗan kabu-kabu ya kawo ku da shi, da wayar da ke aljihunku, ku duba ku ga inda aka ƙera su.

Kuma ba yau muka fara leƙen ƙasar Sin ba. A farkon shekarun 1960, bayan an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, wasu samarinta har birnin Nanjin suka je koyon aikin soja, kafin su dawo da makamai a 1964, a murƙushe su. Nijar ta ƙulla hulɗa da Bejin a 1974, ta juya wajen Taiwan a 1992, ta komo a 1996. Kenan kakanninmu sun duba can, iyayenmu sun duba, mu ma muna dubawa. Ba laifi. Amma wanda zai kwaikwayi ɗinkin wani, ya kamata ya juya rigar ya ga cikinta.

To ga cikin rigar.

Jam'iyyar da ke mulkin Sin yau, ita ce ke mulki tun 1949. Bulalar da abokina ke so, tana hannunta tun ran farko. Da bulala ce ke kawo arziki, da tun zamanin Mao Zedong sun yi arziki. Mi ya faru zamanin? A 1958 aka tara manoma cikin gonakin gayya na dole, aka ce ba mai gonar kanshi, ba mai tukunyar kanshi. Jami'ai na ƙasa suna tsoron faɗa wa na sama gaskiya, sai su rubuta cewa an samu amfanin da ba a samu ba. Gwamnati ta kwashe hatsi bisa lissafin ƙarya. Tsakanin 1959 da 1961 yunwa ta kashe mutane miliyoyi, masu bincike suna maganar gomman miliyoyi. Mu da iyayenmu suka ba mu labarin 1973 da 1984, mu da muka ga 2005 da idonmu, mun san mi ake nufi da yunwa. Bayan wannan kuma, daga 1966 zuwa 1976, aka yi abin da suka kira juyin juya halin al'adu: ɗalibai suna dukan malamansu, jami'o'i a rufe, ɗa yana kai ƙarar ubanshi. Duk wannan ƙarƙashin jam'iyya guda, mutum guda na magana, kowa na bi.

To mi ya canza? Ku saurara, don wannan labarin namu ne, labarin manoma ne. Ƙarshen 1978, a wani ƙauye mai suna Shiyawgang a lardin Anhuyi, magidanta 18 suka taru a ɓoye. Sun gaji da yunwa da bara. Suka rubuta takarda cewa za su raba gonar gayya, kowane gida ya noma nashi, ya ba gwamnati rabonta, ya riƙe saura. Laifi ne babba a lokacin. Har suka sa cikin takardar cewa in an ɗaure wani, sauran za su riƙe mishi ɗiya har su girma. Kowa ya dangwala yatsa. Shekarar da ta biyo, amfanin da suka samu ya ba kowa mamaki. Shugabannin lardin suka ƙyale su, Deng Xiaoping ya goyi bayan tsarin, cikin ƴan shekaru ya game ƙasa duka.

Kun ga abin da ya faru? Ranar da aka sassauta bulala aka bar manomi da guminshi, ranar ne tukunya ta fara cika. Talakawa suka fara, gwamnati ta yi hankalin saurare. Bayan haka ta zuba ƙarfi a makaranta, hanya, lantarki da masana'antu, ta kuma riƙa auna jami'anta da abin da suka aikata a yankin da aka ba su. Wannan ɓangaren bai shiga bidiyon minti ɗaya.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: bulala ba baƙuwa ba ce a Nijar. Daga 1960 zuwa 1974 jam'iyya guda ce, ta Diori Hamani. Daga 1974 zuwa 1987 Seyni Kountché ne, wanda har yau tsofaffi ke cewa zamaninshi ko a ɗaka mutum bai sakin baki. An yi juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Mun ɗanɗana mulkin jam'iyya guda, mun ɗanɗana na soja, mun ɗanɗana na zaɓe. Albasar Galmi ta ruɓe a rudu ƙarƙashin kowannensu. Kenan ciwon yana wani wuri.

Abu na biyu da abokina ya ce: su kansu haɗe yake, mu kuwa kowa da ɓangarenshi. Nan ma mu juya rigar.

Mu muna ganin Sinawa duk kamarsu ɗaya, kamar yadda su ma suke ganinmu. Amma gwamnatinsu da kanta ta lissafa ƙabilu 56. Ko cikin ƙabilar Han, wadda ta fi kashi 90 cikin 100, mutumin Bejin da mutumin Gwanzu in kowa ya yi harshen gidansu ba su jin juna. Suna da gori na yanki irin namu, har ya fi namu zafi. Mutanen lardin Henan, lardin manoma mai mutum kusan miliyan 100, sun daɗe suna kukan ana yi musu kallon ɓarayi da ƴan damfara a manyan birane, ana ƙin ɗaukarsu aiki don sunan lardinsu kawai.

Akwai kuma wata takarda da suke kira hukou, tun 1958. Ita ce ke cewa kai ɗan wuri kaza ne, kuma a nan ne kake da haƙƙin makarantar gwamnati da magani mai sauƙi. Mutum kusan miliyan 300 ne suka baro karkara suna aiki a masana'antu da wuraren gini. Su suka gina benayen da ke cikin bidiyon. Amma da yawansu birnin da suka gina bai ɗauke su ƴan gari ba. Sai su bar yara a ƙauye wajen kakanni, su gan su sau ɗaya a shekara, lokacin bikin sabuwar shekararsu. Yara miliyoyi sun tashi haka. An fara sassauta dokar, amma a manyan birane har yau tana ciwo.

Ku gaya mini, wannan labarin baƙo ne a Adar? Wane gida ne nan babu wanda ya tafi bida? Abijan, Legas, Libiya, Aljeriya, Jado. Yaro ya girma ya san muryar ubanshi a WhatsApp fiye da fuskarshi. Mace ta shekara uku tana jiran mijin da ke tura baro a wata ƙasa. Da na karanta labarin ƴan ci-ranin Sin, ƴan'uwana na gani.

Sannan akwai maganar harshe. A watan Yuli na 2010, mutanen Gwanzu suka fito kan titi don sun ji ana shawarar rage harshensu na Kanton a talabijin na birninsu, a ƙara na Mandarin. A ƙasar da fita zanga-zanga ke iya kai ka kurkuku, sun fito don harshen uwa. A yammacin ƙasar kuma akwai ƴan'uwanmu Musulmi, ƴan ƙabilar Uigur na Shinjiyan. A watan Agusta na 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa an tsare su da yawa ba bisa ƙa'ida ba, an tauye musu addini da al'ada. Gwamnatin Sin ta ƙaryata. Amma duk mai roƙon Allah ya ba mu irin bulalar can, ya tuna bulala ba ta da ido, kuma mai roƙonta kullum yana zaton bayan wani za ta sauka.

Yanzu mu komo gida, don ban tara ku nan don in zagi Shinuwa ko in yabe su ba. Na tara ku don mu dubi kanmu.

Bayan jinin ɗaliban da ya zuba a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990, da babban taron ƙasa na 1991, mun samu damar zaɓen shugabanninmu. Mi muka yi da ita? A zaɓen 1993, ku ɗauki taswira ku duba. Mahamane Ousmane ƙarfinshi Damagaram. Moumouni Djermakoye ƙarfinshi Doso. Mahamadou Issoufou ƙarfinshi Tawa. Daga baya Hama Amadou ya zo da Lumana, ƙarfinshi Tilaberi da Yamai. Kowace jam'iyya tana da takardar manufofi da Faransanci mai daɗi, amma a rumfar zaɓe tambaya guda ce: namu ne ko ba namu ba?

Ni ɗan wannan jaha ne, saboda haka da gidanmu zan fara. Issoufou ɗan Dandaji ne, cikin gundumar Illela, nan kusa. Ya yi mulki daga 2011 zuwa 2021. Ba zan tsaya nan in ce ba a yi komi ba, wannan rashin adalci ne. An yi hanyoyi, an yi ajujuwa, birnin Tawa ya canza fuska lokacin bikin 18 ga Disamba na 2017. Amma ina so kowa ya tambayi zuciyarshi: cikin shekara goman nan, sau nawa ka ga abin da bai dace ba ka yi shiru don ɗan gida ne ke sama? Sau nawa wani ya buɗe baki aka ce mishi: kai, rufa mana asiri, so kake mulki ya bar gida? Ni an faɗa mini. Kuma na yi shiru, Allah ya yafe mini.

Ga kuma ɗayan gefen wuƙar. Ina jami'a, wani ɗan ajinmu daga wata jaha ya dube ni ya ce: "Ku ƴan Tawa ai kun ci, ku bari wasu su ci." Ranar ko kuɗin fotokofi ba ni da su. Uwata tana ƙauye tana jan guga. Na ce mishi: ɗan'uwa, in an ci, ba a kira ni ba. Bayan 26 ga Yuli 2023, irin wannan maganar ta ƙaru a intanet, kun gani da idonku. Wannan ita ce ribar siyasar "namu ne". Ranar da naku ke sama, ba ku da bakin magana. Ranar da ya sauka, ku ke biyan bashin abincin da ba ku ci ba. Mutum ɗari suka ci, mutum miliyoyi ke shan zagi. Kuma haka abin yake ga talakan Damagaram, da na Doso, da na Tilaberi, da na Difa, kowa da lokacinshi.

Kuma kada mu ɗora wa ƴan siyasa kaɗai. Wa ya karɓi turmin zane da jika biyu? Wa ya karɓi sukari da ganyen shayi aka rubuta sunan jam'iyya a allon fada? Wa ke zuwa gidan ɗan majalisa da asuba, ba don ya tambaye shi wace doka ya kawo ba, sai don kuɗin suna da na magani? Ƴan boko suna da wani suna da suke yi wa tsarin, PAC, wato dangi, abokai da ƴan sani. Muna zagin PAC in ta tsallake mu, muna kiranta zumunci in ta faɗo kanmu. In mutuminmu ya samu muƙami bai cusa ɗiyan gari ba, mu ne za mu ce ba shi da amfani. Mu muka koya musu.

Nan akwai abin da zan so mu ara daga Sin. Ɗaruruwan shekaru, sarakunansu suna ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, kuma suna da ƙa'ida cewa ba a tura jami'i ya yi mulki a lardin da aka haife shi, don kada dangi su rinjaye shi. Har yau jarrabawar shiga jami'a, wadda yara fiye da miliyan 10 ke zama kowace shekara, ita ce ƙofar da ɗan manomi ke sa rai da ita. Tana da nata aibi, don ɗan babban birni ya fi samun gurbi. Cin hanci ma yana nan, su da kansu suna ɗaure manyan jami'ai a kanshi. Amma tunanin cewa aiki na wanda ya iya ne, wannan ba sai an soke zaɓe ake koyonshi ba.

Kada wani ya fita nan ya ce na ce ku yar da asalinku. Ni Ba'adare ne ta wajen uwa, kuma ina alfahari. Wannan ƙasa da muke zaune tana da tarihi. A Maratta, nan yankinmu, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. A Illela Sarkin Adar yake. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ta ƙone gari, kuma jikokin waɗanda suka tsira suna cikin wannan taro. Adarawa, Gobirawa, Ƙonnawa, Buzaye, Fulani, kasuwa ɗaya muke ci, maƙabarta ɗaya muke kai gawa. Iyakar da ta raba Ƙonni da Illela ta Nijeriya, Turawa suka ja ta, kakanninmu sun girme ta. Da Nijeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma lokacin takunkumin CEDEAO na 2023, kun ga yadda buhu ya tashi, kun ga motoci jere, kun ga mai ɗiya a Sakkwato yana bin daji don ya je suna. Ranar ba wanda ya tambayi ɗan'uwanshi jam'iyya.

Asali dukiya ne in an san inda za a kashe shi. Sinawa sun san wannan. Mutanen birnin Wenju sun shahara: duk inda ɗayansu ya sauka a duniya, ƴan garinsu za su ba shi masauki, su ba shi bashi, su nuna mishi kasuwa, kuma kuɗin ya koma gida ya zama masana'anta. Mu ma muna da irin wannan. Ba'adare ya sauka Abijan ba ya kwana waje. Bambancin shi ne namu kuɗin yakan ƙare a biki, da gini, da kamfe na ɗan takara. Ku ƙiyasta in ƴan garin nan da ke waje suka haɗa hannu shekara biyu kawai suka gina ma'ajiyar albasa ta zamani. Manomi ba zai sayar da buhu a wulaƙance lokacin girbi ba, ya zo yana kallon wani na cin riba bayan wata huɗu. Albasar Galmi sunanta ya kai Akara da Abijan. Sumunti ana yin shi a Malbaza tun shekarun 1960. Hanyar Yamai zuwa Damagaram da hanyar Tawa zuwa Agadas a nan Tsarnawa suka haɗu. Kullum arziki na ratsa mu da ƙafa goma sha takwas, mu kuwa muna bakin hanya muna sayar mishi da ruwan leda.

Akwai wata jarrabawa kuma da ke gabanmu mu Hausawa. A 2025 sabon kundin da ake mulki da shi ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba. Na tuna yadda ake hukunta mu a lakwal in mun yi Hausa cikin aji. Amma ku tuna mutanen Gwanzu. Bazabarme yana son harshenshi kamar yadda kake son naka. Haka Bafillace, haka Buzu, haka Babarbare, haka Tubawa da Gurmawa da Larabawanmu. In muka maida wannan abin gori, muna rubuta "yanzu kowa dole ya yi Hausa" a ƙarƙashin hoton mutane, mun zama abin da muke kuka da shi. Hausa ta yaɗu ne ta kasuwa da maƙwabtaka da auratayya, ba wanda ya yaɗa ta da sanda.

To yanzu mi za mu yi? Wani zai ce: malam, ai maganar zaɓe ma ta wuce. Gaskiya ne, a watan Afrilu na 2024 an rusa majalisun komin-komin an naɗa masu riƙo, a watan Maris na 2025 an rusa jam'iyyu. Cikinku akwai masu murna da haka, akwai masu baƙin ciki, kuma ban zo raba ku ba. Abin da zan ce shi ne: an rusa jam'iyyu, amma ba a rusa halinmu ba. In ba mu gyara shi ba, duk ranar da aka sake buɗe fage, da sababbin sunaye za mu koma tsohuwar rawa.

Bari in ba ku labari na ƙarshe daga Sin. A 2011, mutanen ƙauyen Wukan a lardin Gwandon suka tashi don shugabannin ƙauye sun sayar da gonakinsu ba da saninsu ba. Ɗaya daga cikin wakilansu ya mutu a hannun ƴan sanda. Ba su watse ba. Sai da hukumar lardi ta zo ta zauna da su, aka bar su suka zaɓi shugabannin ƙauyensu a 2012. Ƙarshen labarin ba daɗi: a 2016 aka kama wanda suka zaɓa aka ɗaure, aka murƙushe masu zanga-zanga, gonakin da yawa ba su dawo ba. Darasi biyu na ɗauka. Na ɗaya, ko a Sin talaka yana tambayar ina gonata, ina kuɗina. Na biyu, inda babu kotu mai zaman kanta da ɗan jarida mai ƴanci, abin da aka ba ka yau ana iya karɓe shi gobe.

Saboda haka ga abin da nake roƙonmu, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko, mu koyi tambayar lissafi, da ladabi, a rubuce. Kowace ranar kasuwa ana karɓar haraji. Kowace mota da ta yi lodi ana yankar tikiti. Nawa ake tarawa a shekara, mi aka yi da su? Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai a maida su ga komin-komin na jahar da aka haƙo su. Mu nemi sanin abin da ya shigo da inda ya tafi. Mu roƙi a manna kasafin kuɗin komin a ƙofa, da Hausa, tunda yanzu ita ce harshen ƙasa. Ko zaɓaɓɓe ne a kujerar ko naɗaɗɗe, kuɗin namu ne.

Na biyu, mu fara da namu. In ɗan garinku ya ci amana, ku riga kowa faɗa. Ranar da ɗan Tawa zai tuhumi ɗan Tawa, ɗan Doso ya tuhumi ɗan Doso, ranar siyasar ɓangaranci ta fara mutuwa.

Na uku, wayar da ke hannunka. Duk saƙon da ya zagi jaha guda ko ƙabila guda, ya mutu a wajenka, kada ka tura. In a gurup ɗinku ne, ka yi magana, ko za a ce ka cika iyayi.

Na huɗu, ƙungiyoyinmu na ƴan gari da ke waje. Ku da ke da yayye a Abijan da Legas, ku kai musu wannan magana: asusu guda, aiki guda, lissafi a fili kowane wata.

Na biyar, ƙannenmu mata. Masana'antun Shenjen da hannun ƴan matan karkara da suka iya karatu da lissafi suka tashi. Mu muna cire yarinya daga aji tana shekara 13, sannan mu zauna fada muna kallon jirgin ƙasan wasu muna cewa Allah ya ba mu. Kowa nan yana da ƙanwa. Ka tsaya mata ta ƙare makaranta.

Abokina, ga amsarka. Ina son jirgin nan kamar yadda kake son shi. Ina son ranar da za a ɗora albasa a Galmi da safe ta kwana bakin teku. Amma magidanta 18 na Shiyawgang ba su zauna jiran mai bulala ba, shi suke ɓoye wa. Sun amince da juna, sun rubuta, sun dangwala yatsa, kowa ya ɗauki nauyin ɗiyan ɗan'uwanshi. Mu nan mun fi 18. Takarda tana nan wajen ƴan'uwa a bakin ƙofa, ta wasiƙar da za mu kai komin kan harajin kasuwa. Wanda ya yarda ya sa sunanshi kafin ya fita. Ni na riga na sa nawa, kuma na bar maka layi na biyu.

Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda na yi kuskure, iyayena ku gyara mini, ƴan'uwa ku yafe ni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya zaunar da Nijar lafiya.